Na Koya wa Sarbuland Fatsa

Barkuch, watan Mayu

Yaya Zar Bano,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara, kuma zafin Karachi bai tayar miki da ciwon kan nan ba. Mu nan lafiya lau. Ƙanƙara ta fara narkewa, kogi ya yi kalar shayi da madara, shanun mutane kuma sun fito da tarinsu na kowace shekara, don haka ba na samun zama.

Ki zauna kafin ki karanta sauran. Sarbuland ya zo gidana. Shi dai, mijin ƙanwarmu Nargis, ɗan kwangila, da tumbinsa da motarsa jif. Ciwon zuciya ne ya taɓa shi a birnin Gilgit, likita ya ce ya rage aiki ya nemi abin da zai kwantar masa da hankali, wani abokinsa kuma ya ce masa manyan mutane yanzu fatsar ƙuda suke yi, irin tamu da ake ɗaura gashin tsuntsu a ƙugiya ya yi kama da ƙuda. Shi ne ya tuna yana da suruki. Ya zauna a kan shimfiɗar Baba, ya sha shayin gishiri har da ƙari, ya ce, "Likitan shanu, an ce kai ka gaji sandar fatsar tsohon. Shirya mana hutu mana, ka koya mini wannan wasan yaran naku."

Na ce to. Nargis har da ƙwalla, wai yau an shirya.

Ba a shirya ba, Yaya. Lokacin da ya sami kwangilar gada ke labari kika ji, ni da idona na gani. Duk faɗin kwarin nan bai ga inda zai ɗebi tsakuwa ba sai gurbin da ke ƙasan gonarmu, don ya fi kusa da titi. A cikin tsakuwar nan kifi ke zuba ƙwai tun ba a haifi Baba ba. Tsohon ya dogara sanda har gaban katafila ya roƙe shi, mutane suna kallo. Washegari Sarbuland ya aiko direba da kifin kiwo a leda, wai ga shi, a daina wahalar da ƙafa. Baba bai sake sauka bakin ruwa ba har ya rasu. Ko a tsakar gida juya wa kogin baya yake yi.

Na daɗe ina neman abin da zan yi masa. Duka ba zai shige shi ba, zagi kuwa ya saba. Bai san abin da ya kashe ba, shi ya sa yake barcinsa lafiya. To zan sanar da shi. Zan koya masa fatsa da zuciya ɗaya, in kai shi inda kifi yake, in bari abin ya shiga jininsa yadda ya shiga namu. In ya kamu, sai in sauko da shi gurbin Baba, in miƙa masa sanda in ce jefa. Fuskarsa kawai nake so in gani.

Ki gaishe mini da maigidan da yara. Kada ki gaya wa Nargis.

Ƙaninki,
Niyat Wali

Barkuch, watan Yuli

Yaya Zar Bano,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta mutanen gida, wasiƙarki ta iso, na kuma ji daɗin labarin jarrabawar Mahnur. Ki ce mata kawunta zai aiko da busasshen kubani, ɗan itacen nan namu mai zaƙi.

Na karanta faɗanki. Kin ce in ji tsoron Allah, ina ji. Kin ce in dai Sorgol, rafin nan na can saman duwatsu, nake nufin kai shi to in sake tunani, don Baba bai taɓa kai baƙo can ba. Gaskiyarki. Amma ina zan kai shi? Kifin da ya rage a ƙasa duk ya yi wayo, sabon shiga zai gaji ya koma kan kujerarsa. Kifin Sorgol kuwa bai san ƙugiya ba, ko ɗankwalinki kika jefa zai taso. Kuma babu hanyar mota, sai ƙafa da jakuna, da kwana a bukkar makiyaya. Mutumin da ke haki in ya hau matakalar gidansa ba zai sake neman wurin ba, ki kwantar da hankalinki.

Mun fara karatu a filin folo, inda ake ƙwallon dawaki, a kan ciyawa, babu ruwa kusa. Ya zo da sanda ta ƙasar waje da wandon roba har ƙirji da wata hula mai aljihu, kamar za shi yaƙi. Na nuna masa cewa a fatsarmu babu tana babu dalma, nauyin igiya ne ke kai ƙudan, sai ka kaɗa ta baya, ka jira ta miƙe, sannan ka sake ta gaba. Jiran nan ne ya gagare shi, don bai taɓa jiran komai ba a rayuwarsa. Yana fizgar sanda kamar mai korar jaki. Ya kama bishiya, ya kama hular limamin ƙauye da ke wucewa, a ƙarshe ya kama kunnen kansa. Ni na cire masa ƙugiyar da abin da nake cire wa shanu kaska, kuma ban yi sauri ba.

Ya ce, "Kai dai mugu ne, Likita. Hannunka ya saba da dabbobi."

Na ce, "Shi ya sa ya dace da kai, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗauka wasan surukai ne. Na karɓo mana takardar izinin fatsa, na yi magana da mai jakuna, zakaran gidan nan kuma wuyansa ya kusa zama tsirara saboda ƙudajen da nake ɗaurawa. Ban taɓa ɗaura masu kyau kamar waɗannan ba. Da ruwa ya washe za mu hau.

Ki yi mini addu'a, ko da ba ki yarda da niyyata ba.

Ƙaninki,
Niyat Wali

Barkuch, watan Agusta

Yaya Zar Bano,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya kamar yadda muke. Mun sauko, ƙafafuna sun kumbura, amma rabona da jin daɗi irin wannan tun Baba na da rai.

A hanya ya zage ni, ya zagi jakuna, ya zagi likitan da ya ba shi shawara. Da muka ɓullo kan Sorgol sai ya manta da zagin, ya ƙura wa ruwan ido. Kin san wurin, ba sai na faɗa miki ba, tsakuwar ƙasan ruwa ana iya ƙirga ta daga kan gaɓa. Na tsayar da shi a bayan wani dutse, na nuna masa inda ruwa ke juyawa. Jifarsa ta farko shirme ce, ta biyu ma haka. Can sai ƙudan ya sauka a hankali, ya bi ruwa, wani baki ya taso daga ƙasa ya ɗauke shi. Yaya, ƙaton mutumin nan ya riƙe sandar gam kamar ƙaramin yaro. Da kifin ya zo hannu ya durƙusa yana kallon jajayen ɗigon jikinsa, yana ce mini, "Dubi, dubi," kamar ni ne baƙon.

Na farkon mun gasa shi. Kafin mu baro wurin da kansa yake jiƙa hannu ya zare ƙugiya ya mayar da kifayen ruwa, har yana yi mini faɗa wai inuwata tana korar masa kifi. Ya manta da wayarsa, ya manta da maganinsa sai na tuna masa. Na dube shi na ce a raina, ka shigo hannu.

Da muka sauko na ce masa akwai wuri ɗaya da ya rage, wanda ya fi Sorgol manyan kifi a da. Na bi da shi ta cikin gonarmu. Ruwan yanzu ya baje, marar zurfi, laka a ƙasa, ramukan katafila cike da gansakuka. Na ɗaura masa ƙudan da ya fi kyau, na koma kan gaɓa na zauna. Ya iya jifa yanzu, ni na koya masa. Tun hantsi yake yi har la'asar, ya canza ƙuda, ya canza wuri, ko motsi babu. Sai ya juyo ya ce, "Wane ɗan iskan ne ya yi wa ruwa haka?"

Na nuna masa gadar da baki.

Ya dubi gada, ya dubi gidanmu a sama, ya dubi tarin duwatsun da yaransa suka bari. Sanda ta faɗi daga hannunsa. Ya zauna cikin ruwan da wandon robarsa ya yi kuka, kuka na gaske, da majina. Ban rarrashe shi ba, ban kuma ji tausayinsa ba ko kaɗan. Na kalla har na ƙoshi, na hau gida na ci abinci da yawa.

Ki je ki yi sadaka a madadina. Gaisuwa ga kowa.

Ƙaninki,
Niyat Wali

Barkuch, watan Oktoba

Yaya Zar Bano,

Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidan da yara. Ki yafe mini shirun da na yi, kin rubuto har sau biyu ban amsa ba. Lafiyar jiki dai akwai.

Sarbuland ya tuba, Yaya, kuma tubarsa ta gaskiya ce. Ya je kabarin Baba ya daɗe. Ya daina barci, in ji Nargis, kullum zancensa yadda zai gyara abin da ya ɓata. Ni kuma ina ta hura hanci, har ranar Juma'ar da ya tara dattawa bayan salla, ya kama hannuna ya ɗaga sama. Ya ce wannan surukin nasa ya buɗe masa ido. Ya ce zunubi ne wuri irin Sorgol ya zauna a ɓoye, tsofaffi da masu ciwon zuciya irinsa ba sa iya zuwa. Don haka ya nemo izini zai fasa hanyar mota har can, daga aljihunsa, ya gina masaukin masu fatsa a bakin ruwa, ya sa masa sunan Baba.

Dattawa suka yi ta sa mini albarka. Makiyaya suna murna za su riƙa sauko da cuku a mota. Matasa an yi musu alkawarin aiki. Na ja shi gefe na tambaye shi inda zai samo tsakuwar hanyar, ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Likita, ai na koyi darasi. Daga can ƙasa-ƙasa za mu ɗiba, kaɗan kawai." Na je ofis a Gilgit, aka ba ni shayi, aka ce ai ci gaba ne. Na yi magana a masallaci, wani ya ce hassada ce ta cikin gida.

Yanzu ne lokacin da kifi ke hawa zuba ƙwai. Shekaranjiya katafila biyu suka wuce ta ƙofar gidana, direban har ya ɗaga mini hannu. Jiya ruwan da ke saukowa daga Sorgol ya iso nan da launin ƙasa. Ni na kai shi, a kan jakin da na yi haya, ina ba shi magani a kan lokaci don kada ya mutu a hanya. Na tsane shi fiye da da, kuma duk garin nan babu wanda zan gaya wa sai ke.

Abu ɗaya nake roƙo. Yana son hoton Baba, wanda yake riƙe da babban kifin nan, zai ƙara girmansa ya kafa a ƙofar masaukin. Na ce masa yana wurinki. Zai rubuto miki, ko ya sa Nargis ta kira ki tana kuka. Ki ce ya ɓata.

Ƙaninki,
Niyat Wali