Rabin Kek Ɗin Ofishin Coci

Zuwa ga Lorraine,

Don Allah ki taimake ni, mutum biyu sun saka ni a tsakiya, kuma kowannensu ya rantse ƙaunata yake yi. Gwiwata ta hagu ta lalace, likita ya ce ba zai yi mini aiki ba sai na rage ƙiba. Ga bikin ɗana Curtis yana tafe da bazara, dangin amaryar kuma irin mutanen nan ne da ba a tashi bikinsu sai kowa ya yi rawar polka, har kakanni. Burina in taka da ɗana ko sau ɗaya, kada in ƙare a gefe ina gadin jakunkunan mata.

Mijina Duane, tunda ya yi ritaya daga sayar da abincin dabbobi, ya mayar da ni saniyarsa ta ƙarshe. Ya sayo sikeli ya kafa a kicin, har ganyen latas sai ya auna. A wurinsa magana ɗaya ce, kalori: abin da ya shiga da abin da jiki ya ƙona. Wai duk zamansa da makiyaya bai taɓa ganin saniyar da iska ta sa wa kitse ba. Haka ya faɗa mini, a gaban fasto.

Yayata Marlys kuwa ta ce Duane bai san komai ba sai shanu. Ta ji a wayarta cewa kalori tsohon yayi ne, homon ne ke mulki, wato sinadaran da ke ba jiki umarni. Wai nawa sun rikice tun da al'ada ta ɗauke mini, ko ruwa na sha kitse zai koma. Ta kawo mini wani gari mai ɗanɗanon ciyawa, ta hana ni ayaba, ta ce in riƙa kallon rana da sassafe. A watan Janairu fa, tsakiyar hunturu, a arewacin Minnesota ta Amurka, inda gari ke wayewa a makare. Wace ranar?

Gaskiya na fi son maganar Marlys, don ba ta ɗora mini laifi. Kuma ni ba mai ci ba ce. Ni ce sakatariyar cocinmu, duk kek ɗin da ya rage bayan an ciyar da mutane a jana'iza a teburin ƙofar ofishina ake jibge shi, ga shi bana hunturu ya kwashe mana tsofaffi da yawa. Amma kowa shaida ne ban taɓa ɗaukar yanka guda cikakke ba, ba haka aka rene mu ba. Sai dai in raba biyu in bar wa wani rabi. In na dawo na tarar da rabin yana nan, in sake rabawa, don mai tarbiyya ba ya cinye na ƙarshe. Wani lokaci gefen kek ɗin ne ya karkace, in daidaita shi da wuƙa. Wannan ai ladabi ne, ba ci ba, shi ya sa ban ga dalilin gaya wa Duane ba.

Har yau nauyina bai motsa ba. Jiya na zauna a mota na yi kuka, don na fara jin tsoro. A cikinsu wa ke da gaskiya?

Mai Gwiwa Ɗaya

*

'Yar'uwa Mai Gwiwa Ɗaya,

Share hawayenki. Kowannensu ya riƙe rabin gaskiya, ke kuma kin san yadda rabi yake.

Marlys ba ƙarya ta yi duka ba. Shekaru da ɗaukewar al'ada da ƙarancin barci suna ƙara wa mace yunwa, suna tura kitse zuwa tumbi, shi ya sa abin ya fi miki wuya fiye da yadda Duane ke zato. Ki sa likitanki ya duba jininki, in akwai abin gyarawa a gyara. Amma homon ba shi da hannu, bai taɓa riƙe wuƙar roba a ƙofar ofis ba. Garin ciyawar nan ki mayar mata, ki ci ayabarki.

Duane ma lissafinsa daidai ne, kitse ba ya sauka sai abin da aka ci ya gaza abin da aka ƙona. Kuskurensa shi ne yana gadin kicin, ɓarnar kuwa a coci ake yin ta. Ki kuma gaya masa ya daina kwatanta ki da saniya, ko a gaban fasto ko a bayansa.

Ni ma nan aka haife ni, na san dokar rabi. Sai dai cikinki bai san ladabi ba. In kin yi ta rabawa daga safe zuwa tashi daga aiki, tiren gaba ɗaya kika ci, sai ɗan guntun da kika bari shaida.

Ga shawarata. Ki roƙi matan coci su riƙa kai ragowar zuwa gidan kula da tsofaffi, ko aƙalla su sauka da teburin zuwa ɗakin ƙasan coci, inda matakala da gwiwarki za su yi miki gadi. Ki ci abinci mai riƙe ciki a zaune, ki yi barci, ki tambayi likita motsa jikin da gwiwar za ta ɗauka. Ranar Lahadi ki ɗauki yanka guda cikakke a faranti, ki cinye a gaban kowa. Za su yi gulma, amma ba za ta wuce mako ba.

Allah ya ba ki lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a. Ranar bikin Curtis kuma, ki miƙa wa Marlys jakunkunan ta yi gadi.

Taki,
Lorraine