Fitilar Wane Suruki Zan Kunna?

Didi Sutapa, ki taimake ni kafin bikin surukai, wanda muke karrama mazajen 'ya'yanmu da shi duk shekara, ya iso, don na ƙulla abin da na kasa kwancewa.

Ni tsohuwar malamar makaranta ce a Shyambazar, 'ya'yana mata biyu duk sun yi aure. Bara aka cire mini yanar ido. Da aka kwance bandeji na gane ashe na daɗe ina ganin duniya dishi-dishi. Ko ganyen alayyafo sai in tsaya ina kallonsa kamar baƙo. Cikin wannan murna baban yara ya raka ni kasuwar Galiff ran Lahadi don mu sayi tsuntsu. Muka dawo da akwatin gilashi na kifi da tsirran cikin ruwa a leda, yana ta mita har gida.

Didi, ban san akwai irin wannan jin daɗi ba. Da safe nakan zauna gabansa da shayina, ƙananan kifaye masu ratsin shuɗi suna kutsawa cikin ganye. Akwai wasu jajayen tsirrai can ƙasa da nake ji da su kamar jikoki. Mai mitar nan kuwa yanzu shi ke riga ni ba su abinci. Sai dai falonmu duhu ne, ginin maƙwabta ya tare taga, dole sai da fitila.

A gaban surukaina na faɗi haka, bakina ya jawo mini. Pinaki, mijin babbar 'yata Jhuma, ya aiko da wata doguwar fitila mai haske kamar ta filin ƙwallo, da waya ake sarrafa ta. Debashis, mijin autata Rinku, ya hawo bene da wata 'yar ƙarama mai haske ruwan zuma, ya ɗaura ta da kansa, ya ce, "Ma, ki ajiye ta Yaya Pinaki, kifaye ne, ba ɓarayi ba da za a haske su." Da Pinaki ya ji, ya ce, "Ma, ashe aci-balbal aka kawo miki? Ina ashanar?"

Dukansu yaran kirki ne, ban iya ɓata wa ko ɗaya rai ba. Sai muka shirya da baban yara. Yakan tsaya a baranda, in ya hango motar Pinaki ya yi tari, in ɗora babbar. In babur ɗin Debashis ne ya yi fito, in mayar da ƙaramar. Muna yi muna tuntsira dariya, rabona da ganin tsohon nan yana gudu tun yaran suna rarrafe. Rannan Rinku ta tsinci babbar a ƙarƙashin gado, babanta ya dube ta ido cikin ido ya ce ta gashin baya ce likita ya rubuta masa.

Amma akwatin ya fara nuna bai yarda ba. In babbar ta kwana biyu a kai, gansakuka ta rufe gilashi, ruwan ya koma kore. In ƙaramar ce, kifayen suna yin kyau ƙwarai, amma jajayen tsirraina sun koɗe, sun yi dogon wuya, ganyen ƙasa yana zuba.

Ga bikin surukai ya matso, kuma bana duk za su zo rana ɗaya. Jhuma da Rinku sun taɓa gaba a kan 'yan kunnen mahaifiyata, kwanan nan suka shirya, wannan ne karon farko da za su ci a faranti ɗaya. Na riga na yi wa mai kifin ilish magana, mangwaro yana nuna a kwando. Ba na so fitila ta tayar da abin da ya kwanta, ba na kuma so tsirraina su mutu. Wacce zan kunna?

Surukar Mutum Biyu

*

'Yar'uwa, sai da na ajiye tabarau na yi dariyar gashin bayan nan. Barka da samun idanu, barka kuma da surukan da rigimarsu ita ce wa zai fi kyautata miki.

Kowannensu yana da gaskiya. Jajayen tsirrai sun fi koraye son haske, ƙaramar ba za ta riƙe su ba, nan Pinaki ya ci. Amma hasken da ya fi ƙarfin tsirrai gansakuka ce ke cin moriyarsa, kuma ƙananan kifaye suna son wurin fakewa, nan Debashis ya ci. Abin da ya fi duka cutar da akwatin shi ne canje-canjen nan. Tsiro yana son abin da ya saba da shi kullum.

Ki bar babbar a kai dindindin. Tunda da waya ake sarrafa ta, a rage ƙarfinta zuwa kusan rabi, a sa ta kan fari irin na hantsi, ta riƙa kunna kanta tana kashewa a lokaci guda, kamar awa bakwai a yini. Ki lura da sabon toho na 'yan makonni. In ya fito ja kuma a dunƙule, kin dace. In gansakuka ta dawo, a ƙara ragewa kaɗan. Ƙaramar kuma ta zama ta shayin yamma bayan babbar ta mutu, na ɗan lokaci kawai, sannan a bar kifi su huta cikin duhu. Ki riƙa canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan duk mako, kada ki taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu. Ina kuma zargin hannun maigida ya yi nauyi wajen ba da abinci, ragowarsa taki ne ga gansakuka.

Batun gida kuwa, kada ki jira ranar biki. Ki kira Jhuma da Rinku tun yanzu, kowacce ta ji daga bakinki a rana ɗaya, da tarin da fiton da komai. Labarin abin dariya ne in ke kika ba da shi, abin haushi ne in su suka gano. Ranar kuma ki ba kowa aikinsa kafin a zuba shinkafa: Pinaki ya saita babbar, Debashis ya nemi inda ƙaramar za ta zauna ba tare da ta tare 'yar'uwarta ba. Mutum biyu da suka sunkuya kan aiki ɗaya ba su cika samun sararin tsokanar juna ba.

Ki kuma faɗa musu a fili cewa akwatin ba ya buƙatar komai kuma, in ba haka ba baɗi injin tace ruwa biyu za ki gani a ƙofa. Ina yi muku fatan biki lafiya, a ci a ƙoshi, 'yan matanki su tafi gida suna riƙe da hannun juna.

Didi Sutapa