Zanen Tabawa Da Ya Ƙi Bushewa

Zariya, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga Zuhra, uwar Tabawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya ƙarfin jiki? Na kira lambarki sau biyar na ji ta a kashe, shi ya sa na biyo ki ta imel.

Ƙara aka kawo mini, kuma a matsayina na shugabar Zauren Rijiya Bakwai dole in saurara. Ba sai na tuna miki ba, amma malamar makaranta ba ta gajiya da maimaici. Mu arba'in da biyu ne muka karanta littafin Rijiya Bakwai muka ƙi yarda ya ƙare, kowa ya ƙirƙiri nasa mutum ya jefa cikin ƙasar, ke taki Tabawa ce mai auna ruwa, duk Alhamis in ba da ƙalubale a rubuto babi. Dokar littafin guda ce: shekara ɗari ba a yi ruwa a ƙasar ba. Dokar zaure kuma, wanda babinsa ya saɓa wa littafi sau uku, a jefa mutuminsa ƙuri'a, wanda ta faɗa wa a cikinmu ya rubuta mutuwarsa.

To, Sharfaddeen, sarkin bin diddigi, ya kama ki sau biyu. A babin jakin makaho kin ce Tabawa ta shanya zanenta kwana biyu bai bushe ba. A na makon jiya kin ce takalminta ya yi fumfuna a bayan ƙofa. A ƙasar da ake auna ruwa da ludayi, Zuhra? Ke da kika yi shekara huɗu kina gyara wa kowa kuskure?

Saura ɗaya. Ba na son in ga mai auna ruwanmu a kwandon ƙuri'a, amma ba zan tanƙwara doka don ke ba. Ki amsa kafin Alhamis.

Wassalam,
Hureira Bello

4 ga Nuwamba

Malama Hureira,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa da girmamawa. Jiki da sauƙi, alhamdulillah. Wayata ce ta lalace.

Don Allah ki yi haƙuri, kuskure ne, hankalina ne ya rabu kwanan nan. Ki ba Malam Sharfaddeen haƙuri shi ma. Zan gyara babi biyun yau, zan cire zanen da takalmin, kuma in sha Allahu ba za a sake ba. Ina roƙonki kada a kai Tabawa ƙuri'a. Duk ƙalubalen da kika bayar zan rubuta, ko sau biyu a mako ne.

Na gode ƙwarai. A huta lafiya.

Zuhra

Zariya, 4 ga Nuwamba

Baiwar Allah,

Sallama da gaisuwa, ko da yake ban san wa nake gaisarwa ba.

Shekara huɗu Zuhra ba ta taɓa ce mini Malama ba, Hajiya Sa-ido take ce mini. Ba ta taɓa ba Sharfaddeen haƙuri ba. Da ita ce, da ta turo masa shafi uku tana nuna masa cewa shi ne bai fahimci littafin ba. Na koma na karanta babin Tabawa tun daga Yuli. Rubutun yana da kyau, ba zan ɓoye ba, amma Tabawa ta daina zagin rijiya, ta daina cutar 'yan kasuwa a awo. Sai zama take tana kallon hanya. Ruwa ba ya tsami banza.

Ban faɗa wa kowa ba tukuna. Tun safe na kasa gyara takardun ɗalibaina. Wace ce ke, kuma ina Zuhra?

Ina jira.
Hureira

Danau Kota, Kuala Lumpur, 6 ga Nuwamba

Malama Hureira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin wuni lafiya, ko kin tashi lafiya, har yau awa bakwai ɗin nan da ke tsakaninmu rikita ni suke.

Sunana Bilqis, yayar Zuhra ce ni, uwa ɗaya uba ɗaya. Zuhra ta rasu ranar goma sha ɗaya ga Yuli a Funtuwa. Ciwon sikilar nan ne da take ce muku zazzaɓi.

Sau huɗu na fara wasiƙar nan ina gogewa. Na sauka ƙasa, na zaga ginin namu, na shiga kedai, wato kantin unguwa, na sayi madarar da muke da ita a gida, na dawo. Haka nake tun Yuli, ba na iya zama wuri ɗaya. Maigidana Munzali yana karatun digiri na uku a nan, shekararmu uku. Ranar da abin ya faru ina tsaye a shagon abinci na mamak ina jiran a ƙulle mana tapau, abincin tafiya gida, ƙaninmu ya kira sau ɗaya, layi ya yanke. Na yi ta kira babu mai ɗauka. Kafin wani ya tuna da ni an dawo daga maƙabarta. Ban ga fuskarta ba, ban zauna zaman makoki ba, ko tabarmar ban gani ba. Matan 'yan Najeriya na yankinmu, Setapak, sun zo sun yi mini wuni ɗaya, Allah ya saka musu, amma babu wadda ta san ta. Gaisuwar wata Zuhra suke yi mini, ba tawa ba.

Ni na buɗe mata imel ɗin nan tun tana sakandare, ban manta lambobin sirrin ba. Na shiga ne don in nemi hotuna. Sai na tarar da zaurenku a buɗe, wani yana cewa, “Uwar Tabawa, ina kika shige? Ko tsoron ƙalubalen kike?” Malama, a duk duniya nan ne kaɗai ake yi mata magana kamar za ta amsa. Sai na amsa.

Na ce babi ɗaya zan yi. Na zauna na karanta littafin, ni da nake mata dariya ina cewa ta girma da tatsuniya, na karanta duk abin da ta rubuta a shekara huɗu. Yanzu babi goma sha shida na yi. A jirgin ƙasa nake rubutawa, in hau daga nan har ƙarshen layi in dawo, don a gida bango matse ni yake. Munzali ya zaci darasin harshen Malay nake zuwa. Jiya 'yata Afnan ta ganni ina kuka a kan waya ta kira ni cin abinci da yaren garin nan, ta ce, “Ummi, enough lah, zo ki makan.”

Zanen nan kuwa nawa ne. A hawa na goma sha tara muke, kullum bayan la'asar sai an yi ruwa, shanya takan kwana biyu a baranda tana wari. Ban ma san ya shiga labarin ba. Na iya kwaikwayon kalmominta, ban iya fitar da garin nan daga hannuna ba.

Na san na yi ƙarya, kuma ina jin kunya. Amma ina roƙonki ki rufa mini asiri. In aka jefa Tabawa ƙuri'a wani baƙo zai kashe ta a shafi biyu, a sake binne mini ita ba na nan. Ki bar ni in ci gaba. Zan koyi zagin rijiyar.

Taki cikin girmamawa,
Bilqis Aliyu

Zariya, 7 ga Nuwamba

Bilqis, ƙanwata,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Zuhra, ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, ya ba ku haƙuri. Ki miƙa gaisuwata ga mahaifanku.

Ban taɓa ganinta ba sai a hoto, amma na rufe ofis na yi kuka. A watan Satumba na yi mata faɗa a gaban kowa kan jinkirin babi, ashe tana da wata biyu a ƙasa.

Abin da zan faɗa ba zai yi miki daɗi ba. Ba zan kai Tabawa ƙuri'a ba, wannan na ɗauke miki, dokar ba don irin wannan aka yi ta ba. Amma ba za ki sake rubutu da sunan Zuhra ba. Kin ce a Kuala Lumpur babu wanda ya san ta. To ga mutum arba'in da ɗaya da suka san ta, suka san dariyarta da tsiwarta. Akwai Ɗelu a Maraɗi, wadda Zuhra ta koya wa rubutu babi bayan babi. Akwai wanda ya je Umara a Agusta, da ya sani da ya yi mata ɗawafi. Wata huɗu muna tsokanar ta, babu wanda ya ce Allah ya jiƙanta ko sau ɗaya, domin kin tsaya a bakin ƙofa sanye da muryarta. Ke kika rasa zaman makoki, ita kuma kin hana ta addu'armu.

Ranar Alhamis ba zan ba da ƙalubale ba. Filin naki ne. In kin kasa, ni zan faɗa, amma na fi so su ji daga bakin 'yar'uwarta. Kuma ki gaya wa maigidanki inda kike zuwa.

Yayarki,
Hureira

Danau Kota, 10 ga Nuwamba

Yaya Hureira,

Salam. Na faɗa musu jiya, da sunana. Munzali na zaune kusa da ni.

Waya ba ta huta ba. Ina ta ƙirga addu'o'in kamar wata yarinya, talatin da tara zuwa yanzu. Ɗelu ta kira ni daga Maraɗi, mun fi awa, rabi kuka rabi labarin rashin kunyar Zuhra. Sun yarda a bar Tabawa a bakin rijiya ta huɗu inda mai ita ta ajiye ta, kada kowa ya taɓa. Sharfaddeen ya janye ƙararsa, ya ce kada a goge babina, a bar zanen a jiƙe yadda yake.

Yau ban hau jirgi ba. Na zauna a tabarma tun safe ina karɓar gaisuwa.

Wannan ce wasiƙa ta ƙarshe daga akwatin Zuhra. In na aika zan fita, ba zan sake shiga ba. Na rubuta miki nawa adireshin a ƙasa, in za ki amsa, can za ki same ni.

Ƙanwarki,
Bilqis