Wuƙar Kaka Barau a Cikin Gilashi

Siyatil, Amurka
9 ga Nuwamba, 1976

Yaya Ilu,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar Baba? Yana iya zama a maƙera kuwa? A gaishe da Inna da mutanen Roni.

Ni lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya ɗaukewa. Na samu aikin goge-goge a wani kantin kayan gargajiya. Akwai wuƙaƙen wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar nan, Tilingit, da aka sassaƙa wa kan dabba a mariƙi, attajirai ke sayen su su rataye a falo. Jiya wata tsohuwa 'yar ƙabilar ta tsaya gaban ɗaya da ke cikin akwatin gilashi tana kiranta da suna kamar mutum, tana hawaye. Ta kakanta ce. Da ta fita, mai kanti ya ce in goge inda ta dafa gilashin.

Wuƙar da Kaka Barau ya ƙera, wadda Baba ya ɗaura mini a dantse ranar tafiya, tana kusa da waccan. Sanyin bara na yi kwana uku ban ci abinci ba, na sayar da ita a wannan kanti. An rubuta a ƙarƙashinta wai ba a san maƙerinta ba. Na faɗi sunansa, mai kanti ya yi dariya. Man shanun da Baba ya ce in riƙa shafa mata ma an hana, ta fara tsatsa.

A aiko mini da kuka da daddawa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. In ya yi cigiyar wuƙar, ka ce ina ganinta kullum. Sauran ka bar shi tsakaninmu.

Ƙaninka,
Haladu