Katin Gem da Katifar Iska

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya shago? Yara suna gaida baffansu.

Tunda wayarka ta kurumce in dai lambar gidan nan ce, ga takarda ta hannun direban da ke kai muku kaya. Ita dai ba za ka ce ba ta shigo ba.

Maganar kwamfutar da ka ce za ka haɗa mana ce. Hotunan bukukuwan mutane da nake ɗauka duk suna kan faifai ɗaya, shi ma ya fara ƙara kamar tsaka. Ina son ma'aji mai aminci, kuma a zuba finafinai su riƙa fitowa a talabijin ɗin ɗakin yayanka.

Na ukun ne ya sa ni ɗaukar biro. Tun da yayanka ya faɗo daga saman ginin nan ƙafafu suka daina aiki, ya juya fuska bango. Abinci sai da roƙo. Likita ta ce jiki yana ƙoƙari, zuciya ce ta ajiye kaya. Shekaranjiya da bakinsa ya ce, "Ki ce wa Auta ya sa gem ɗin ƙwallon nan da muke bugawa, ya zo ya haɗa." Wallahi sai da na fita tsakar gida na yi kuka. Shi ne abu na farko da ya nema.

Ka sa wa kwamfutar katin da ke jan gem ɗin, Injiniya, ko na tona wa budurwarka irin munsharinka.

Ka huta lafiya.
Matar yayanka

Zuwa ga Anti,

Wa alaikumus salam. Ina fatan kuna lafiya, ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi.

Ga kwali nan direba zai sauke. Akwai faifai biyu masu girma, na haɗa su ta yadda duk abin da ya hau ɗaya zai hau ɗayan, in wannan ya mutu wancan na nan. Ƙwaƙwalwar kwamfutar da na zaɓa ƙarama ce, ba ta zafi, fankarta ba za ta hana shi barci ba, kuma za ta ja fim ba tsayawa. Sokawa kawai za ki yi.

Katin gem ban sa ba, kuma ba zan sa ba. Shan wutarsa kamar dutsen guga ne. Ni na ɗaura solar gidan nan, na san abin da batirin zai iya ɗauka. Shi ke riƙe firij, shi ke riƙe famfon katifar iskar Yaya in an ɗauke wuta. Famfon nan ya tsaya, katifa ta sace, fatar bayansa ce za ta biya. Kin ji abin da likita ta faɗa a kan gyambon kwanciya.

A bari sai an ƙara batir. Zuwa kuma, aiki ya yi yawa yanzu, sai na samu sarari.

Ki gaishe shi.
Auta

Auta,

Salamu alaikum. Gaisuwa a taƙaice.

Kwamfuta ta iso, hotuna sun hau, na gode. Amma da na gaya masa ba kati, ba kai, sai ya ture kwanon abinci. Kwana biyu ruwa kawai ya sha. Sai na je wajen mai gyara na bakin titi, ya sa min kati na hannu, ya ce ba komai. Na san ka hana. Kai kana can kana lissafin wuta, ni nake kallon ƙasusuwan wuyansa suna fitowa.

Na kunna, fili ya fito kore shar, 'yan kallo suna ihu. Na ɗora masa hannun gem, abin dannawar, a ƙirji. Bai ɗauka ba, ya ce dai in bar shi a kunne. Ranar hadari ce tun safe, ga ba wuta. Na tafi ɗaukar hoton suna, na dawo da la'asar na tarar gidan tsit. Batir ya ƙare, inbatar solar ta mutu, katifa ta lafe, yana kwance a kan katako, bai kira kowa ba. Da na juya shi na ga wani ja a ƙugunsa, faɗin tafin hannu. Na danna, bai washe ba.

Likita ta ce in ya buɗe, sai asibiti. Shi kuma ya rantse ba zai koma ba.

Tsoro nake ji, Auta. In na cire katin zai daina ci, in na bari fatarsa ce. Ka gaya min wanne zan yi.

Matar yayanka

Anti,

Wa alaikumus salam. Innalillahi. Sai da na faɗa miki! Ki zare katin nan yau, kafin ki ninke takardar nan. Sukuru ɗaya ne a baya, ki kashe wuta tukuna. Ki riƙa juya shi kamar yadda aka koya miki. Na yi magana da mai batir, zan aiko babba da yaron da zai ɗaura, daga nan ya buga har ya gaji.

Allah ya kiyaye gaba.
Auta

Auta,

Salamu alaikum. Ni ne. Ka yi haƙuri da rubutun, a dunƙule na riƙe biron.

Antinka ta karanta min takardunku. Kada ka ƙara yi mata faɗa, ita ke ɗaga ni, ita ke wanke ni. Kada kuma ka sayi batir.

Babban yatsana na dama ba ya motsi, na hagu ma ya fara bin sa. Ita ba ta lura ba, don cokali da dunƙule ma ana riƙe shi. Yanzu ta sani, tana nan tana kuka a bakin gado. Gem ɗin nan ba zan ƙara buga shi ba har abada, kuma na san haka tun ranar da na nema.

Na dai yi tunanin kati ba ya haɗa kansa. Na ce dole ka zo da jakar kayan aikinka, ka zauna a ƙasa kana zagin wayoyi, in ji muryarka. Sai ka aiko kwali. Yanzu kuma yaro za ka aiko.

Na san abin da ke hana ka. A asibiti na ga yadda ka tsaya a ƙofa ka kasa shigowa. Ni ma ba na son ganin kaina haka, amma ni ba ni da inda zan gudu. Kunya ce ta hana ni cewa ina kewarka, ga shi na faɗa.

In ba za ka iya ba, ka faɗa min, in daina sauraron ƙarar ƙofa.

Yayanka

Yaya,

Wa alaikas salam.

Na rufe shago. Direba zai riga ni da takardar nan, ni ina motar da ke bayansa. Ban san me zan ce ba in na shigo, wataƙila kuka zan yi, ka yi haƙuri da ni.

Ka ci wani abu kafin in iso.

Ƙanenka