A Daina Kafa Hujja da Ciwon Sukarin Ruƙayya

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar zumuncinmu ta Utaibiyya, Baba Alhaji Mamman.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uba, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Ni ce Maryama, matar Sani direban bas a Kudai nan Makka, mahaifiyar Ruƙayya. Maigidana ya same ka a gida kan wannan magana, ka ce masa kai ma ji ka yi, aka sha shayi aka tashi, ba a gyara komai ba. Tunda a bainar jama'a aka ambaci sunan 'yata, da izinin mahaifinta a bainar jama'a zan amsa.

Bayan ƙaramar Salla ka tura saƙon murya a guruf ɗin ƙungiya, kana jan kunnen iyaye kan allurar rigakafi. Ka ce a dubi 'yar Sani direba, lafiyarta ƙalau aka kai ta mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa, aka yi mata allura, ta dawo gida da ciwon sukari. Baba, ba haka aka yi ba.

Na farko. Allurar ƙarshe da aka yi wa Ruƙayya kafin ciwon ita ce ta shiga makaranta. Ta gama aji ɗaya lafiya, ta yi nisa a aji biyu, sannan na ga ta fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, tana fitsarin kwance bayan ta daɗe da dainawa, rigunanta suna yi mata yawa. Da muka kai ta asibiti a galabaice, tambayar da na fara yi wa likita ita ce ko wani abu muka yi mata. Ta ce a'a. Garkuwar jikinta ce ta juya ta lalata sashen da ke samar da insulin a cikinta. Ba alawa ba ce, ba sakacina ba ne, ba kuma rigakafi ba. Ƙannenta maza sun karɓi duk alluran da ta karɓa, ga su nan suna buga ƙwallo a lungu.

Na biyu. Likitan ta gaya mini cewa yaro mai irin wannan ciwo ya fi sauran yara buƙatar rigakafi, har da na mura duk shekara. Na ga dalilin da idona. Murar da ta sa ƙannenta atishawa kawai, ita sai da ta kwantar da ita a asibiti da ƙarin ruwa, sukari ya hau ya ƙi sauka. Mu kuwa a garin da muke zaune, duniya duka ke zuwar mana da tarinta da zazzaɓinta kowane Ramadan da kowane Hajji. Mahaifinta cikin alhazai yake wuni, ya dawo ya rungume ta.

Ba zan ɓoye ba, wani lokacin allurar rigakafin kan sa mata ɗan zazzaɓi, sukarin ya ɗan motsa. Sai in ƙara yawan gwaji, in ba ta ruwa, in bi abin da likita ta tsara. Kwana ɗaya ko biyu ya wuce.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Saƙonka ya shiga kowane gida. Maƙwabciyata Hajara ta fasa kai jaririnta rigakafin ƙyanda. Yara a makarantar allo suka fara kiran 'yata "'yar allura". Rannan da safe na ɗauko insulin zan yi mata kafin karin kumallo, ta ɓoye hannuwanta a baya, ta manne da bango. Ta ce, "Umma, Baba Alhaji ya ce allura ce ta sa min ciwon. Me ya sa kike ƙara min?" Yarinyar da ta koyi huda yatsarta da kanta ba ta kuka, ranar sai da mahaifinta ya bar aiki ya dawo muka lallashe ta. Baba, idan ta bar wannan allurar ba za ta rayu ba. Na san ba ka nufi haka ba, amma ga inda maganarka ta kai.

Satin da ya wuce na kai ta aka yi mata rigakafin mura. Ita ta naɗe hannun rigarta da kanta. Hajara ta bi mu da jaririnta a kafaɗa, bayan na wuni ina ba ta labarin da nake ba ka yanzu. Amma ni mace ɗaya ce, ba zan iya bin gidajen Utaibiyya da Rusaifa ƙofa-ƙofa ba. Muryarka ta riga ni isa can.

Don haka ga roƙona. Ka sake tura saƙo a guruf ɗin nan da bakinka, ka ce abin da ka faɗa kan Ruƙayya ba daidai ba ne. A gayyato likita ko ma'aikaciyar jinya mai jin Hausa zuwa taron ƙungiya kafin alhazai su fara sauka, iyaye mata su yi tambayoyinsu ba tare da tsoro ba. Sannan a hana ambaton sunan yaron kowa a guruf ba da yardar iyayensa ba.

Kai ne ka yi mana jagora lokacin da muka zo garin nan ba mu san kowa ba, kai ka yi wa Ruƙayya huɗuba. Idan ka ce mata allura ba maƙiyiyarta ba ce, za ta fi yarda da kai a kan ni da likita.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya tsare jikokinka da 'ya'yanmu baki ɗaya.

Wassalam.

'Yarka,
Maryama, mahaifiyar Ruƙayya
Utaibiyya, Makka