Koren Kwanon Innarki

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan ɓarnan jikan nan nawa. Ni dai da sauƙi, in ban da bayan nan da yake ƙara kamar tsohon ƙyaure. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san ban daɗe a makaranta ba, ga kuma yatsu biyu a ɗaure, na kama murfin tanderu da hannu tsirara. Shekara da shekaru ina zubin gilashi, sai yanzu na tuna wuta tana da zafi.

Abin da ya kai ni murfin shi ne maganar. Fasassun koren kwanon marigayiya Innarki, waɗanda kika kawo mini ƙunshe a ɗankwali bayan jikana ya yi aikinsa, na wanke su ɗaya bayan ɗaya. Na gina siffar kwanon da kakin zuma, na lulluɓe da yumɓu, na narkar da kakin ya bar gurbi, na ɗora fasassun a bakinsa na sa a tanderu. Gilashin ya narke ya cika gurbin tsaf. Saura abu ɗaya: a bar tanderu a rufe ya huce da kansa, don ɗanyen gilashi ba ya shiri da iska.

Auta, na leƙa. Na ce da kaina ido ɗaya kawai. Sai na ji ƙas, ɗan ƙaramin sauti kamar an karya tsinke, kwano ya dare gida biyu. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Ni na dafa dutsen, jiran romon ne ya gagare ni. Innarki ta gama rayuwarta tana make mini hannu in na buɗe mata tukunya, ga shi ta tafi ban ji ba.

Maƙwabcina mai walda ya ce in narka kwalaben lemo in ba ki, wai kore kore ne. Na ce masa tun kina rarrafe kike lasar gefen kwanon nan, ba a yi miki wannan wayon.

Gaskiyar ita ce kowane narki yana cin rabonsa. Wani ya maƙale a yumɓu, launin kuma yana dusashewa. Abin da ya rage ba zai yi kwano ba, sai dai kofi, kuma narki ɗaya kawai zai ƙara ɗauka. Na gaji, idona ma ya fara ha'intata, amma na riga na fara murza sabon kaki.

Kin ba ni kwano, ina riƙe miki da kofi. Na sayo kwaɗo na ɗaura wa tanderun, makullin yana aljihun mai walda, na kuma ce ko kuka na yi kada ya ba ni.

Ki gaida mutanen gidan. Jikana kuma kada a dake shi, gado ya yi.

Naki,
Babanki, Sarkin Leƙe